Sunan da Inna ba ta faɗa

Da kakar bana shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Rabi makwancinta a bayan ƙauyenmu, can gefen Bici. Har yau in na ga ana ɗaure dammunan gero sai in tuna da ita, don a irin wannan lokaci zazzaɓi ya ɗauke mana ita, ta bar 'yarta Safiya tana shekara uku. Mahaifiyarmu, Inna, ita ta riƙe yarinyar.

Yaya Rabi malamar firamare ce, kuma tana da wata ɗabi'a da ni ƙanenta na sha yi mata tsiya a kai. In ta shiga Kano sai ta dawo da ƙananan littattafan labarin yara masu hotuna. Ta karanta wa ajinta, ta rufe, ta ce, "Yaron cikin littafin nan yana da kaka, ku ma kuna da su. Ku je ku tambayo wa ya haƙa rijiyar gidanku, wa ya dasa ɗorawar da ke kan iyakar gonarku, ku rubuto mini." Nakan ce ta mayar da 'ya'yan mutane 'yan jarida, sun hana tsofaffi sakat. Sai ta harare ni ta ce da tsohuwar zuma ake magani.

Rubutun yaran yakan dawo da giɓi. Tsohuwa za ta ba da labari tiryan-tiryan, amma in an zo kan mijinta sai ta ce "Malam", in ɗanta na fari ne ta ce "yaron nan". Yaya Rabi ba ta taɓa cewa su matsa ba. Takan ce kunya ce, a girmama ta, sunan a nemo shi wurin maƙwabta. Amma ta koya musu cewa jika yana da damar da ubansa ba shi da ita, don tsakanin jika da kaka wasa ne, kuma cikin wasa tsoho ke sakin baki. Ta san abin da take faɗa, ita ce 'yar farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunanta ba, ban taɓa ganin ta zaunar da ita kusa ba.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau. Gonakin bakin titi an yanka su filaye, ɗorawoyin da ta sa aka rubuta tarihinsu wasu sun zama gawayi. Yaro ya san 'yan ƙwallon Turai da lambar rigarsu, sunan kakan babansa kuwa sai inda-inda. Da ta yi faɗa, na sani, don ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Amma da ta ji sanyi in ta ga wata ɗalibarta ce yanzu ke riƙe da ajin, da littattafan da ta bari, sun yi laushi don shan hannu.

Wannan malamar ce ta ba su Safiya aikin tambayar tsofaffi a bana. Yarinya ta ce ita tarihin mahaifiyarta za ta rubuta. Ta zo wurina, na ba ta abin da na sani, sai na tarar bai cika shafi ba. Yaya ta girme ni nesa, ƙuruciyarta Inna kaɗai ta sani. Inna kuwa ƙarfi ya ƙare, ido ya yi rauni, kuma tun ranar rasuwar ba wanda ya ji ta ɗauko zancen. Na ji tsoro ƙwarai. In ta tafi da bakinta a rufe, Safiya ba za ta taɓa sanin uwarta ba sai a hoto.

Da hantsi ne, Inna na ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ina gefe. Safiya ta zauna ta janye ƙwaryar.

"Tsohuwa, rowa ce ko mantuwa? Labarin Ummata nake so."

"Je ki wurin kawunki, ni me na sani?"

"Ya ce ke kika haife ta, ba shi ba."

Inna ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa. Can ta fara, a hankali, tana cewa "yarinyar nan". Yadda naƙudarta ta kama ta ana yankan gero. Yadda aka kai ta yaye gidan kaka, ita kuma ta riƙa ƙirƙiro aron rariya don ta je ta hango ta. Yadda ranar da aka sa ta a makaranta ta laɓe a bayan rumbu tana kallonta har ta ɓace. Ni da na girma a gidan ban taɓa jin ko ɗaya ba.

"Kunya ake yi wa ɗan fari, na yi mata," in ji Inna. "Har aka fita da gawarta ban yi kuka a idon mutane ba."

Na tashi na shiga zaure, don hawaye ya ci ƙarfina.

Yaya Rabi ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba. Ta bar wa yaran ƙauye hanyar tambayar tsofaffinsu, kuma hanyar ce ta zagayo ta buɗe bakin mahaifiyarta ga 'yarta. Abin da ke cin raina shi ne ita ba ta ji ba. Ta rayu ta mutu ba ta san an taɓa laɓewa a bayan rumbu dominta ba. Allah Ya kai haske kabarinta, Ya sanar da ita a can.

Daga zauren na jiyo Inna tana tambayar Safiya me ta rubuta a saman takardar. Yarinya ta karanta sunan uwarta cikakke. Sai Inna ta ce, "Sake faɗa, kunnena ba ya ji sosai."

Kunnen Inna lafiyarsa ƙalau.