Kowa Ya Ce Da Sauƙi

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar Talata, wayata ta yi ƙara. Na riƙe lokacin domin na rubuta shi a gefen littafin da nake bita. A shekarar ina zaune wurin Goggo a unguwar Poumpoumré da ke Garoua, ina shirin jarrabawar bak ta kammala sakandare, iyayena kuma suna Tignère.

Baffa ne, ƙanin babana, wanda bai taɓa kirana ba. Ya tambayi karatu, ya tambayi zafin Garoua, har da ciwon gwiwar Goggo. Can ya ce, "Babanki ba ya jin daɗi. In da hali ki zo gida."

"Baffa, yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

A gidanmu ba a faɗin mutuwa ta waya. Sai a ce jiki ne, a bar mutum ya iso ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Haka aka yi wa Goggo ranar rasuwar kakarmu, ina zaune kusa da ita.

Na kira lambar Baba, a kashe. Na kira Inna, ta ce da sauƙi, barci yake yi. Na roƙe ta ta kara masa wayar in ji ko numfashinsa ne, sai kiran ya yanke. Ko rezon waya ne ya ɗauke, ko ita ce ta kashe, har yau ban tambaye ta ba. Da na kira yayana kuwa, cewa ya yi, "Malama sarkin tambaya, da sauƙi aka ce miki." A bayansa ina jin muryoyin maza da yawa. Goggo ta fara ninke tufafi cikin jaka, ta ƙi kallona.

A bangon littafina akwai lambar matar da ke sayar da doya kusa da shagon Baba, Kirista ce daga kan dutse. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na kira ta ban ko gaishe ta ba.

"Mama, don Allah, babana yana da rai?"

Ina jin ƙarar babura ta wayar.

"Ɗiyata, ni ban iya wannan 'da sauƙi' naku ba. Ya faɗi a shago da azahar, bakinsa ya karkace. Yanzu na fito daga asibiti, da idona na ga ƙirjinsa yana motsi. Yana da rai. Amma ajiye littafin nan ki nemi mota yau, kar ki ce sai gobe."