Zakara Mai Ƙafa Uku a Dardumar Madam Samar

Ukasha Bazazzage ne. Karatun fiƙihu ya kawo shi Alƙahira, amma allura ce ta zaunar da shi. Tun a gida gwanin ɗinkin hula ne, irin wanda in zare ɗaya ya kauce sai ya warware aikin kwana uku. Da ya gama karatu ya auri Mahasin, Bahausar Sudan da ke unguwar Ainu Shams, ya kama aiki a shagon gyaran darduma na wani dattijo, Ammu Fatahi, a unguwar Muhandisin.

Yana da wata huɗu a shagon, sai Ammu ya tafi Iskandariyya bikin 'yarsa. Washegari wata Madam Samar ta aiko da dardumar Farisa, asu ya yi mata 'yar huda a gefe.

Ukasha ya shimfiɗa ta, ya tsaya yana girgiza kai. Gefe ɗaya ya ɗara ɗayan da taƙi guda. Jan da aka fara da shi ya rikiɗe a tsakiya ya koma ruwan hanta. Ga wani zakara da ƙafa uku, ga akuya ta ba 'yan uwanta baya. Tausayin matar ya kama shi, ya tabbata an cuce ta a kasuwa.

Kwana biyu ya toshe hudar. Sauran kuma ya yi shi saboda Allah. Ya cire ƙafar zakara ƙulli bayan ƙulli, ya juyo da akuya, ya jiƙa dardumar ya ɗaure ta da ƙusoshi har ta miƙe sambal.

Ranar da Ammu ya dawo Madam ta zo ɗauka. Ukasha ya tsaya a gefe cikin sabuwar jallabiya, yana jiran yabo. Ta sa tabarau ta sunkuya, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ina ƙafar zakarana?" ta ce.

"Ga su nan biyu, Madam, kamar yadda Allah ya halicce shi."

Sai da aka kawo mata kujera. Ashe marigayi mijinta ne ya sayo dardumar a Shiraz, kuma shekara talatin duk baƙon da ya shiga falonta sai ta sa shi ƙirga ƙafafun zakaran nan kafin ya sha shayi.

Ammu ya ba ta haƙuri, sannan ya ja Ukasha bayan shago. "Matan makiyayan Ƙashƙayi na Farisa ne suka ƙulla ta," in ji shi. "A ƙasa suke kafa masaƙa da turaku. In lokacin tashi ya yi, su tuge, su naɗe, su ɗora wa jaki. A sabuwar mashaya ba ta komawa daidai. In rini ya ƙare su dafa wani, yadda ya fito haka za a yi da shi. Karkatar nan ake so, ya Ukasha."

Ukasha ya tuna rugagen Fulani na hanyar Giwa. "To ƙafar fa?"

"Wannan tsakanin mai saƙar ne da Ubangijinta. Yalla, maza ka mayar."

Sati uku yana fama. Duk ƙafar da ya ƙulla sai ta fito tsaf kamar an auna. Da ya kai kuka gida, Mahasin ta ce ya gwada da hannun hagu, rediyo na kunne, ita kuma tana yi masa mitar ɗigar famfo. A haka ƙafar ta samu. Madam ta duba ta ce ta ɗan fi ta farko kyau, amma ma'alish, ba komai.

Yau shekararsa goma sha ɗaya a shagon, kuma ba ya taɓa abin da bai gane ba. Bara wani likita ya kawo darduma mai wani tabo ruwan ƙasa a tsakiya. Ukasha ya wanke ko'ina, ya kewaye wurin cikin ladabi, har ya yaba wa likitan rinin makiyaya.

"Kofi ne ya zube mini," in ji likitan. "Saboda shi na kawo ta."