Gayyar Furfuri

Har yau in na ji ƙanshin sabon gero ana sussuka, sai in tuna shekarar da baƙi suka cika gidanmu a Furfuri, ina 'yar ƙarama. Lokacin ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, ana kwasar maza aikin tilas, ko da amfanin gona ya nuna.

Wata ranar kasuwa da la'asar, mutane suka yi ta sallama a ƙofar gidanmu. Kawuna ya zo daga Wanke, ga wani maƙeri daga wajen Tsafe, ga manoman Rawayya da ban taɓa gani ba. Ba suna ake yi ba, ba rasuwa ba. Na tambayi Inna ko su wane ne.

"Talakawa ne irinmu," ta ce. "Je ki jawo ruwa."

Sai da na girma na san abin da suka ƙulla. Ƙauyukan za su yi magana da baki ɗaya: ba mai zuwa aikin hanya sai an gama girbi. Wanda kuma aka kama, sauran su girbe masa gonarsa.

Baba suka zaɓa ya kai maganar gaban masu iko, shi kuwa aka tsare. Geronmu ya bushe a tsaye, tsuntsaye suna ta sauka. Inna ta daina cin abinci sosai.

Ran nan da hantsi muka ji kiɗan gayya. Mutanen ne suka dawo da laujensu, wasu sun kwana a hanya. Kafin rana ta faɗi dammuna sun cika rumbu. Maƙerin ya ƙi ko da fura. "Ku aje wa yara," ya ce.

Baba ya dawo a rame, amma daga baya an rage kwasar mutane da kaka.

Bayan shekaru masu yawa, samari suka zo da tuta da katin jam'iyyar talakawa, suna neman Baba ya shiga. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "In an kama ɗayanku, wa zai girbe mashi?"

Suka dubi juna.

Yanzu jikokina suna ba ni labarin jam'iyyun da suka haɗe, suka rabu, suka sake haɗewa, kowace da sabon suna. Nakan saurara, ina mamaki. Tasu Baba ba ta da suna, amma mun ci tuwonta har damina.