Karsanar da Malam Buba Ya Kyautar

Har gobe ba zan manta da ranar da na ƙi sa hannu a sallami Malam Buba ba.

Lokacin ina babban jami'in jinya a sashen masu ciwon damuwa, bayan na dawo daga aiki a Sudan da Saudiyya. Wanda ƙwayoyin sha ba su yi masa aiki ba, akan tura shi Kano a yi masa ƙarin ruwa da ɗan ketamin, maganin nan na sa barci a tiyata. Aikina shi ne in bi su gida a Karaye da Rogo in auna canji: barci, cin abinci, shiga mutane, son rayuwa. Kowace amsa da makinta. In jimilla ta sauka, an samu sauƙi ke nan.

Malam Buba makiyayi ne a ƙauyen Fulatan. Tun rasuwar ɗansa ko wajen shanu ya daina zuwa. Da aka fara yi masa ƙarin ruwan, sai ga shi yana ci yana barci. Ƙaninsa ya tare ni da murna: "Malam, ai Yaya ya warke! Har garin Turawa ya je wajen ƙanwarmu. Gida-gida yake bi yana neman gafara. Ni ma ya ba ni karsanarsa."

A Jidda majinyaci kan yi kuka a gabanka, a Sudan ya gaya maka baro-baro. Namu ba ya cewa ya gaji da duniya, sallama yake yi. Ga shi ba Hajji zai tafi ba, ba azumi ne ya gabato ba.

Na ja shi gefe, na tambaye shi da Fulatanci ko yana tunanin raba kansa da duniya. Ya ce, "Jiki ya samu ƙarfi. Zuciya tana inda take."

Likitan da ke shugabantarmu ya duba sakamakon ya ce, "Baba, tambaya ɗaya ce makinta ya hau, ta son rayuwa, sauran duk sun sauka. Akwai masu jiran gurbi. Sa hannu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, makin gaskiya ne, ni na auna. Amma ɗayar nan ita ke kisa. Ba zan sa ba."

"To, zan ba ka takardar tuhuma."

"Ba ni biyu, in ajiye ta gaba."

Ya ba ni kuwa, tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya. Amma ƙa'ida ba ta yarda a sallami majinyaci ba sai da hannun wanda ya auna shi, don haka aka ci gaba da magani. Na sa ƙanin ya koma kwana ɗakin yayansa.

Ku da ke tasowa, in dangi sun ce mutum ya warke, ku tambayi abin da yake yi da ƙarfin da ya dawo masa. Ni ban sa hannu ba sai da damina ta faɗi, ranar da ƙanin ya zo yana mita: "Malam, ka ga Yaya? Wai in mayar masa da karsanarsa!"