Wuƙar Damtse Mai Ƙotar Bagaruwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya saukar da ƙarfe ya sanya amfani a cikinsa ga mutane, ya kuma wajabta kyautatawa har ga dabbar da za a yanka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga cikamakin annabawa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun ina saurayi a Aljirif, gabas da Khartoum, ba na fita gida sai da wuƙa a damtsen hagu, ƙarƙashin hannun jallabiya, kamar yadda mazan ƙasar nan suka saba. Ta mahaifina ce, wadda ya taho da ita daga Yamma a kan hanyar Hajji, kafin Allah ya ƙaddara masa zama a bakin Nilu. Doguwa ce, mai kauri, mai nauyi. Da ita nake fiƙe alƙalami, da ita nake yanka igiya, kuma da ita nake yanka wa mutanen unguwa dabba, domin a wurinmu ragon suna ko na karama, wato sadakar godiya, malami ake kira ya yanka shi.

Wata shekara bayan tafiyar Turawa, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ni. Na tashi, alhamdu lillahi, amma wuyan hannuna na dama bai tashi tare da ni ba. Ranar da na fara gwada wuƙar a kan kabewa a tsakar gida, ban kai rabi ba hannun ya saki. Mai ɗakina ta gani, ta kawar da kai.

A makon nan ne maƙwabcina ya yi sallama. Mutum ne da aka haifa a unguwarmu, ya je aikin auduga a Jazira, ya baro ya dawo yana buga jan bulo a bakin kogi, ya daɗe da aure bai samu haihuwa ba. Yanzu matarsa ta sauka, namiji. Rago ɗaya gare shi, wanda ya yi kiwonsa da hannunsa saboda wannan rana.

Na ce masa, "Ɗana, ka nemi wani. Hannuna ba kamar da ba ne."

Ya ce, "Baba Malam, wa ya yanka ragon sunana?"

"Ni ne."

"To, khalas, magana ta ƙare. Ko da haƙori ne kai za ka yanka na ɗana."

Ya yi dariya ya tafi, ya bar ni da abin da bai sani ba. A mazhabarmu, yanka ba ya inganta sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ta gaba, ba tare da mai yanka ya ɗaga hannu kafin ya kammala ba. In hannu ya saki a tsakiya, aka jinkirta sannan aka mayar da wuƙa, rago ya zama mushe. Ba za a ci ba, ba za a raba ba, kuma mutumin nan ba shi da na biyu.

Babban ɗana, wanda ke aikin mota a kasuwar Suk al-Shabi, ya kawo mini wata 'yar wuƙa mai naɗewa, irin ta kanti. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na gode masa na mayar masa da ita. Abin da yake da gaɓa yana iya lanƙwashewa a lokacin da ba a so, ni kuwa gaɓar hannuna ma ta ishe ni tunani.

Sai na hau mota da sassafe, na sauka Suk al-Shabi, na hau wata muka ƙetare gada zuwa Omdurman. A layin maƙera akwai wani tsoho abokin wasana, wanda mahaifinsa da nawa ayari ɗaya suka biyo. Na same shi yana zuga wuta, ya tarbe ni da sunan da ake kiran malami da shi a ƙasar nan.

Ya ce, "A'a, Faki! An ce ka mutu. Har na fara shirin zuwa cin shinkafar sadaka."

Na ce, "Na ji kai za ka yi mini salla, shi ya sa na fasa."

Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya bar raha, ya shimfiɗa buhu ya jera wuƙaƙe. Ta farko da ya miƙo mini irin ta mutanen ƙasar nan ce, mai baki biyu, da ƙotar abanus, baƙin itacen nan mai sheƙi, an yi mata ado da azurfa. Na ajiye ta. Mai baki biyu ba ta da gadon bayan da zan ɗora babban yatsa in zan fiƙe alƙalami, abanus kuwa nauyi gare shi, ga santsi in ya jiƙe. Azurfar ma malamanmu a takobi suka yi rangwamenta, ban ga dalilin da zan kai kaina wurin saɓani saboda ado ba.

Ya ce, "Kai dai wuƙa kake nema ko fatawa?"

Na ce, "Duka biyun, in kana da su."

Mahaifina yana da hanyar auna wuƙa da na gada. Mutum zai riƙe ta ya miƙe hannu sosai, ya karanta Fatiha a natse, yana kallon tsinin. In tsinin ya yi rawa kafin ya kai ƙarshe, wuƙar ta fi ƙarfin hannunsa. Haka na yi ta yi a tsakiyar kasuwa, masu wucewa suna tsammanin addu'a nake yi wa wuƙaƙen, har wani Balarabe ya tsaya ya ɗaga hannu yana cewa amin. Ta biyu ta yi rawa tun a farkon sura. Ta uku ta kai ni tsakiya. Na fara cewa a raina ko dai ba wuƙa ce matsalar ba.

Can sai ya jawo wata daga ƙarƙashin tabarma, wadda bai ma gama goge ta ba. Daga sifirin tsohuwar mota ya ƙera ta, siririya, baki ɗaya, tsawonta bai wuce taƙi da 'yan yatsu ba. Ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, ƙotar kuwa ta bagaruwa ce, da ɗan kaushi. Ya ce ya yi ta ne don mata masu gyaran kifi, kada in ji kunya. Na riƙe, na miƙe hannu, na karanta. Na kai ƙarshe tsinin yana tsaye. Na sake, yana nan tsaye.

Baduku da ke gefensa ya auna damtsena da zare don madaurin kube, ya dubi zaren ya dube ni, ya ce ciwon ya ci nama. Na zauna na sha shayi har ya gama ɗinki.

Ranar suna da hantsi mutane suka cika rumfar ƙofar gidan maƙwabcina. Tun a gida na wasa wuƙar, don ba a washi a gaban dabba. Aka shayar da ragon ruwa, aka kwantar da shi a gefen hagu yana fuskantar alƙibla. Na durƙusa, na shafa wuyansa har ya natsu, na zaro wuƙar ta inda ba zai gani ba. Na yi niyya, na ambaci sunan Allah, na yi kabbara, na ja. Hannuna bai ɗagu ba sai da komai ya rabu. Na duba da idona: maƙogwaro ya yanku, jijiyoyin biyu sun yanku, jini yana zuba yadda ake so.

Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Ni kuwa da na miƙe sai na nemi gado na zauna. Maƙwabcina ya zo ya durƙusa, fuskarsa cike da murna.

Ya ce, "Baba Malam, ina hannun da ka ce ya lalace? Wallahi ragon ma bai sani ba."

Na ce, "Je ka kawo mini ruwa in wanke hannu, surutu ya yi maka yawa."

Aka raɗa wa yaro suna, aka raba nama har gidajen masu gasa bulo na bakin kogi. Da aka kawo mini gasasshiyar hanta na ci da daɗi, irin cin da rabona da shi tun kafin in kwanta ciwo.

Allah ya raya wannan yaro da dukkan 'ya'yan Musulmi a kan shiriya. Wanda ya karanta wannan, Allah ya sauƙaƙa masa abin da ya yi masa nauyi, ya halatta abincinsa, ya sanya albarka da lafiya a gidansa da iyalinsa. Amin.