Matar da Take Gwada Abin Gwaji

Ƙarfe bakwai na safe Anti Kudirat take buɗe ɗakin gwajin abinci da take aiki a Funtua. Kafin ta taɓa kayan kowa, sai ta ɗauko wani gari da ta riga ta san akwai guba a cikinsa, ta fara gwada shi. In na'ura ta kama, a shiga aiki. In ba ta kama ba, kowa ya jira. Shekara ashirin da shida tana haka, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ban taɓa rubuta abin da mutane za su karanta ba, ku yi haƙuri da ni. Magana ce ta tsaya mini a wuya shekara huɗu.

Innata da ƙawayenta a Tsiga suna haɗa garin kunun yara: masara, waken suya da gyaɗa. Wani asibiti a Malumfashi ya ce zai riƙa karɓa in an kawo takardar gwaji. Inna ta kai garin wajen Anti, aminiyarta. Lokacin an shigo da wani ɗan tsinken gwaji mai ba da sakamako cikin minti goma. Ya nuna garinmu lafiya lau, Inna har da guɗa.

Anti ta ƙi sa hannu. Ta ce wa Inna:

"Maman Raudatu, a kan masara zalla aka tabbatar da tsinken nan. Naki da gyaɗa. Ba ni kwana goma."

"Kwana goma? Ni da ke kwano ɗaya muke ci fa, Kudi!"

"Shi ya sa ma."

Da gangan Anti ta zuba guba a wani gari mai gyaɗa, tsinken ya ce lafiya. Sau shida yana faɗin haka. Ta koma tsohuwar hanya mai cin lokaci, sai ga gubar fumfuna a garinmu. Ashe gyaɗar ba ta gama bushewa ba aka ɗura ta a buhu.

Asibiti ya ba wasu cinikin. Inna ta daina gaishe ta. Ni ma, da take ara wa littattafai, na koma sauya hanya in na hango ta.

Anti, ga abin da ba ki sani ba. Washegarin fitowar sakamakon na ga Inna ta haƙa rami a bayan gida ta binne sauran garin, wanda autarmu Bushra take sha kullum. Tun ranar ta yarda da ke, bakinta ne ya ƙi.

Ke ce mai gaskiyar da aka bari ita kaɗai. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, ki yafe mana. Masu aiki irin nata, ku dinga tsayawa yadda ta tsaya. Mu kuma kada mu daɗe ba mu gode ba.

Na karanta wa Inna wannan. Sai ta ce, "Goge Maman Raudatu. Ai ba haka take kirana ba, sai ranar."

Ban goge ba.