Haƙoran Dutse da Sule Ya Gani

Shekara goma sha tara ke nan da aka kai ƙanena Sule Mai Rijiya makwancinsa a Kudan. Da damina nake ƙirgawa, kuma ban taɓa ɓata lissafi ba. Ni Asabe ban yi boko ba. Malama Hauwa, matar ɗan maƙwabcina, ita ke riƙe da alƙalami, amma maganar tawa ce, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki. Duk wanda ya tashi tsakanin Kudan da Taba ya san babu macen da ta kai ni tatsuniya. An ce yabon kai jahilci. To, na ji. Amma iyawar nan tawa ita ta ci ƙanena.

Haƙar rijiya Sule ya gada. Yakan ce ƙasa hawa-hawa ce: baƙa a sama, ja a ƙarƙashinta, sai marmara, sai yumɓu, sannan ruwa. Ya ɗora ƙasa a harshe ya gaya maka gaba nawa ya rage. 'Yan shekaru bayan an ba mu mulkin kai ya bi wasu fatake arewa cin rani, har ya wuce Agadas, can inda babu ciyawa babu inuwa. Turawan Faransa na neman wani dutse mai daraja a wurin, suna ɗaukar masu hannun haƙa. Suka ɗauke shi, rani biyu ya yi yana yi musu haƙa. Da ya dawo, ya rame ya yi baƙi ƙirin, sai ya kira ni tsakar gida, rana na tsaka.

"Yaya, zauna. Dubi sama. Da rana nake gaya miki, don ki san ba irin taki ba ce."

Kowa dai ya san ba a tatsuniya da rana. Abin da aka faɗa rana na gani, labari ne.

Ya ce akwai wani tudu na jan dutse, hawa-hawa kamar an jera tabarmi, kuma hawan da ke sama ma ya girmi duk ƙasar da ya taɓa haƙa. A cikin dutsen akwai ƙashin wata dabba, ƙashin kuma ya zama dutse. Ba a kai masa diga. Da tsinke da buroshi ake bi, a wuni a buɗe faɗin tafin hannu. In ya fito sai a naɗe shi da tsumma da farar ƙasa, kamar mai ɗori na ɗaure karaya. Kan dabbar faffaɗa ne, mai tsini ta gaba, tsawonsa kamu guda. Haƙoranta ba layi ɗaya ba ne, jeri-jeri suke kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Mai yi wa Turawan tafinta ya gaya masa wani irin ƙaton damo ne mai cin ganye, ya rayu a bakin kogi a wurin nan da yau ko raɓa ba ta sauka, tun babu mutum, babu saniya, babu tsuntsu. Sannan Sule ya kwance wani ƙyalle ya nuna mini guntun muƙamuƙi kamar babban yatsa, da 'yan haƙora a jere.

"Ban ce na gane ba, Yaya. Gani na yi, na taɓa."

Shi yana faɗa, ni bakina na ƙaiƙayi. Ranar bayan an ci tuwon dare yara suka taru, na ce ga ta nan ga ta nanku. Damo mai cin ganye ba ya sa yaro maƙale wa uwarsa, sai na mayar da shi dodo. Kamu guda ya yi mini kaɗan, na ce kansa ya kai rumbu. Na yi masa waƙa. Na sa Sule ya shiga bakinsa ya ƙirga haƙora ya fito ta hanci. Wallahi ban yi don in tozarta shi ba. Daɗi kawai ta yi mini. Magana zarar bunu ce. Kafin a sare rake ta kai kasuwar Makarfi, kafin wata damina an ji ta a Ikara.

Daga nan duk inda Sule ya buɗe baki zai ba da nasa, an riga an ji nawa.

"A'a, Sule, ka rage! Ina waƙar?"

Akwai wani mahauci mai bakin tsiya, da ya hango shi sai ya ɗaga wuƙa: "Mai Rijiya, don Allah ta hancin dama ka fito ko na hagu?"

An ce gani ya kori ji. A wurinmu ji ne ya kori gani. Suka sa masa Sule Na Bakin Dodo. Kuma mai rijiya da maganarsa yake ci: in ya ce haƙa nan, yarda ake yi a haƙa. Aka fara cewa wanda ya ga dodo a cikin dutse zai ga ruwa inda babu. Masu kiransa suka ja baya, ana wuce ƙofarsa a je wani gari a ɗauko wanda bai kai shi ba.

Guntun muƙamuƙin ma ni na salwantar. Matan unguwa suka ce dutse mai haƙora ai maganin fitar haƙorin yara ne. Sule ba ya gida na ara wa wata. Aka ɗinke shi a fata aka rataya wa jariri, daga wannan wuya zuwa wancan, har labarinsa ya yanke a Nasarawan Doya. Da Sule ya tambaya na gaya masa. Ya ce, "Yaya, shaida ɗaya gare ni." Bai ƙara ba, bai kuma sake ba kowa labarin ba har ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Na san ya yafe, shi ba mai riƙo ba ne. Amma yafiya daban, gyara daban.

Bara Malama Hauwa ta ji ina zancen, ta kawo mini wani littafi daga makarantarsu mai hotunan ƙasusuwan da suka zama dutse. Ta ce gaskiya ne, ana haƙo irinsu a hamadar Nijar. Na sa ta matso da hoton kusa da idona, na daɗe ina dubawa. Da Sule na nan, ban jin zai yi wa kowa gori. Hannu zai sa ya shafa takardar. To, wa zan kai wa shaidar yanzu? Mahaucin ya mutu, masu dariyar sun bi shi. Yau mota ke huda rijiya a wuni ɗaya, ƙasa ta fito laka, baƙa da ja a cakuɗe, ba mai ɗora ta a harshe. Wanda bai san ƙasa hawa-hawa ce ba, ta ina zan fara masa?

Watan jiya na je suna Taba, na ji wata yarinya tana lallashin ɗanta da waƙar dodon. Na ce, "Ke 'yar nan, ba dodo ba ne, damo ne, ganye yake ci. Sule kuma mutum ne, ƙanena ne."

Ta durƙusa da ladabi ta ce, "Haba Gwaggo, kin manta ne. Ai haka kakata ta ba mu ita."

Ni, ni ake gyara wa! Sai dai ban iya yi mata faɗa ba, don da Malama ta tambaye ni jeri nawa ne haƙoran, na buɗe baki zan ce goma, sai na rasa ko goman Sule ce ko tawa. Abin da na ba ku a sama na tsince shi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, amma ba zan rantse babu saura ba.

Me ya rage na Sule? Rijiyoyinsa sun rufta, sai guda ɗaya bayan kasuwa da har yanzu ake ja, masu jan kuwa ba su san wanda ya haƙa ba. Sunansa yana bakin yara, amma a cikin hancin dodo. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi fure, ta yi 'ya'ya, ga jikokinta a Taba. Allah ya jiƙan Sule, ya sa ya huta. Ni in na bi shi, tatsuniyar ba za ta bi ni ba. Na yi mata ƙafafu masu kyau.